YAWAN JAMA'A DA TAZARAR HAIHUWA: INA MUSULMI YA TSAYA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah (S.W.T.) wanda ya halicce mu daga namiji da mace, ya halatta mana aure, ya sanya 'ya'ya su zama sanyin ido kuma amana a wuyan iyayensu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Kwanakin baya mun halarci wani suna a unguwarmu. An yanka rago, an raba goro da dabino, liman ya yi fatiha, amma mai jego ba ta gidan, tana asibiti ana ƙara mata jini. Wan jaririn kuwa yana bayan kakarsa, ko tafiya bai fara ba. Haihuwa ta shida ke nan cikin shekara takwas. Da jama'a suka watse muka keɓe da maigidan, sai ya ce mana tun a haihuwa ta huɗu likita ya gargaɗe shi cewa matarsa tana bukatar hutu, amma ya ji an ce haramun ne, shi kuwa yana tsoron Allah. Muka tambaye shi wane malami ya faɗa masa, kuma a wane littafi. Ya yi shiru, can ya ce a wurin shan ataya ya ji. Allah cikin ikonsa ya tashi kafaɗar baiwar Allah nan, amma tun ranar maganar ba ta bar zuciyarmu ba, domin saura ƙiris a yi asarar rai saboda fatawar da ba ta da mai ita.

A kan wannan mas'ala matasanmu sun rabu biyu. Wasu da zarar sun ji an ce tsarin iyali sai su toshe kunne, su ce makircin Turawa ne don a rage Musulmi. Wasu kuma, musamman waɗanda suka yi nisa a boko, suna ganin 'ya'ya su ne tushen talaucin zango, har suna yi wa mai 'ya'ya bakwai kallon wanda bai waye ba. Muna so mu zauna da ɓangarorin biyu, mu duba abin da ƙidaya ta nuna, mu duba dalilansa, sa'an nan mu koma ga abin da malamai suka faɗa.

ABIN DA ƘIDAYA TA NUNA

A ƙidayar 1960 mutanen Ghana miliyan 6.7 ne. A 1970 suka kai miliyan 8.6, a 1984 miliyan 12.3, a 2000 miliyan 18.9, a 2010 miliyan 24.7, a ƙidayar 2021 kuma miliyan 30.8. Wato cikin shekara 61 an ninka fiye da sau huɗu. Duniya baki ɗaya ma haka ne. Sai wajen 1804 'yan Adam suka cika biliyan 1, suka kai biliyan 3 a 1960, biliyan 5 a 1987, biliyan 8 a Nuwamban 2022.

Mu mazauna zango ba mu bukatar takarda kafin mu gaskata wannan. Wanda ya shiga Nima ko Mamobi a Ankara, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, ya ga gidan da kaka ya gina don iyali ɗaya yau an yayyanka shi ɗaki-ɗaki, ya ga layin bayan gida na jama'a da asuba, ya ga yara suna kwana a baranda da masallaci don ɗaki ba ya ɗaukar kowa. Mu da muke koyarwa muna ganin sawun abin a aji: ɗalibi mai kaifin basira yana gyangyaɗi a darasin nahawu, in an bincika sai a tarar bai sami wurin miƙe ƙafa ba jiya da dare.

ME YA KAWO WANNAN ƘARUWA?

Da yawa suna zaton matan yanzu sun fi na da haihuwa. Lissafi ya nuna akasin haka. Binciken lafiya na ƙasa na 1988 ya nuna mace a Ghana tana haihuwar 'ya'ya 6.4 a matsakaicin lissafi, na 2022 kuwa ya nuna 3.9. Haihuwa raguwa ta yi. To, daga ina yawan ya fito?

Dalili na farko shi ne raguwar mutuwa, kuma wannan ni'ima ce daga Allah. Ku tambayi kakanninku nawa suka haifa, nawa suka rayu. Za ku ji wadda ta haifi goma aka bar mata huɗu, sauran ƙyanda da gudawa da zazzaɓi da tarin shiƙa suka ɗauke. Da allurar rigakafi ta yaɗu, aka kawar da agana daga duniya a 1980, aka koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari, aka sami ruwan famfo da ungozoma masu horo, sai yara suka riƙa rayuwa. A binciken 1988, cikin yara 1,000 kimanin 155 ba sa kai shekara biyar. A na 2022 adadin ya sauko zuwa 40. Wanda ya ji wannan, abin da ya kamace shi shi ne ya yi hamdala.

Dalili na biyu ya biyo bayan na farko. Yaran nan da suka rayu sun girma, su ne ku, kuma kowannenku zai yi aure in Allah ya yarda. Ko da kowace mace ta haifi ƙasa da abin da mahaifiyarta ta haifa, masu haihuwar sun ninka yawa, saboda haka jimillar za ta ci gaba da hawa shekaru masu yawa.

Dalili na uku, auren wuri da barin makaranta. Yarinyar da ta fara haihuwa tana shekara 16 tana da shekarun haihuwa masu yawa a gabanta fiye da wadda ta fara tana 23, ga kuma haɗarin da jikin da bai gama ƙosawa ba yake shiga, kamar jijjiga da doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure.

Dalili na huɗu, sauyin al'ada. A da mai jego takan tafi wanka gidan iyayenta, ta shayar shekara biyu ko kusa da haka, kuma kwanika abin kunya ne da tsofaffi suke yi wa miji faɗa a kai. Yau ɗaki ɗaya ne, uwa tana komawa kasuwa da wuri, ana fara ba jariri koko tun yana wata biyu ko uku, sai ciki ya shiga alhali na baya bai zauna ba. Ga kuma gasar kishiyoyi, da neman ɗa namiji, da tunanin cewa 'ya'ya su ne fanshon tsufa.

Dalili na biyar ya shafe mu musamman, wato ƙaura. Zango tun asalinsa masaukin baƙi ne, fataken goro suka kafa shi, kuma har yau wanda ya taso daga arewa ko daga maƙwabtan ƙasashe neman abinci a zango yake sauka. Saboda haka cunkoson da muke gani ba daga ɗakin haihuwa kaɗai ya fito ba, wani daga tashar mota yake shigowa.

MAGANAR MAKIRCI

Ya 'yan'uwa, masu zargi ba a kan iska suke magana ba, kuma adalci ne mu faɗi haka. Tun 1798 wani malamin coci a Ingila mai suna Malthus ya rubuta cewa mutane za su fi abinci yawa, daga baya ilmin noma ya bunƙasa ya ƙaryata yawancin hasashensa. A 1974 gwamnatin Amurka ta shirya wani rahoton sirri a ƙarƙashin Kissinger, wanda ya ɗauki ƙaruwar jama'a a ƙasashe 13, har da Nijeriya da Masar da Pakistan, a matsayin abin da ya shafi tsaron Amurka. A Indiya, zamanin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa, da yawa bisa tilas. Ƙasar Sin ta ɗora wa jama'arta dokar ɗa ɗaya daga 1980 zuwa 2015, daga baya ta koma tana roƙon su su haihu, kuma a 2022 yawanta ya fara raguwa. Taron Alƙahira na 1994 ma ya jawo jayayya har Saudiyya da Sudan suka ƙi halarta.

Duk wannan gaskiya ne. Amma mugun nufin wani ba ya canza hukuncin Shari'a. Wuƙa ɗaya ce a hannun mahauci da hannun ɗan fashi. In wani mai mulki ya yi amfani da magani don zalunci, wannan ba ya haramta wa matar da jininta ya ƙare ta huta shekara biyu. Hukunci ana ɗaukarsa ne daga Alƙur'ani da Sunna da fahimtar malamai.

ABIN DA MALAMAI SUKA FAƊA

Da farko, Musulunci yana son zuriya. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kwaɗaitar da auren mace mai soyayya mai haihuwa, domin zai yi alfahari da yawan al'ummarsa. A Suratul An'am aya ta 151 da Suratul Isra'i aya ta 31 Allah ya hana kashe 'ya'ya saboda talauci ko tsoronsa, ya kuma ɗauki nauyin arzikinsu da na iyayensu. Saboda haka wanda yake ƙyamar haihuwa, ko yake zaton shi ne mai azurta ɗansa, ya gyara aƙidarsa.

To amma wane irin yawa ne abin alfahari? Shi dai Abu Dawud ya ruwaito daga Sauban (R.A.) cewa wani zamani zai zo da Musulmi za su yi yawa ƙwarai, amma su zama kamar kumfar da ambaliya take ɗauka, ba nauyi ba kwarjini. A ranar Hunaini yawa ya burge Musulmi bai amfane su da komai ba, kamar yadda Suratut Tauba aya ta 25 ta ba da labari. Suratut Tahrim aya ta 6 ta umarce mu da mu tsare kanmu da iyalanmu daga wuta. Kuma ya zo a hadisi cewa tozarta waɗanda ciyarwarsu take wuyan mutum ya ishe shi zunubi. Mukan ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, gaskiya ne, amma Allah ya sanya uba ya zama sababin wannan abincin, kuma zai tambaye shi. Mai raƙumin nan da ya zo wurin Annabi (S.A.W.), umartarsa aka yi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah.

Game da tazara, Suratul Baƙara aya ta 233 ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika ta, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Suratul Ahƙaf aya ta 15 ta haɗa ciki da yaye wata 30. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki. Dubi yadda likita ya zo ya tsaya kusa da inda Littafi ya nuna tun ƙarni 14 da suka wuce.

Asalin da malamai suka gina hukunci a kansa shi ne azalu, wato miji ya janye ya zubar a waje. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa sahabbai suna yin haka a lokacin da wahayi yake sauka, kuma a ruwayar Muslim labari ya kai ga Annabi (S.A.W.) bai hana su ba. Akwai hadisin Judama a Muslim wanda ya kamanta azalu da ɓoyayyen binne jariri, Ibn Hazm ya riƙe shi ya haramta, amma jumhurun malamai sun ɗauke shi a kan karhanci. Imamu Malik ya halatta azalu da sharaɗin izinin matar, domin ita ma tana da haƙƙi a haihuwa da jin daɗi. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa dalilan da za su sa a yi shi, har da tsare lafiyar mace da gudun kada yawan ɗawainiya ya jefa miji cikin neman haram.

A zamaninmu, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a Disamban 1988, ta yanke abu uku. Bai halatta gwamnati ta kafa dokar ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba. Haramun ne a kashe ikon haihuwa gaba ɗaya ga namiji ko mace sai da larurar da Shari'a ta yarda da ita. Ya halatta a jinkirta ciki na wani lokaci don ba da tazara, in akwai bukata, da shawara da yardar miji da mata, ta hanyar da ta halatta wadda ba ta cutarwa, kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. Wannan shi ne bambancin ƙayyadewa da tsarawa, kuma a nan ne Musulmi ya tsaya.

HANYOYIN DA AKE BI

Babu kunya a neman sanin addini, saboda haka bari mu faɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Shayarwa tana hana ciki, amma da sharaɗi uku tare: jariri bai kai wata shida ba, nono kaɗai yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, kariyar ta tafi. Ƙirgen kwanaki yana bukatar mace mai daidaitacciyar al'ada da miji mai haƙuri. Azalu halal ne amma yana yawan kuskure, domin cikin mata 100 da suka dogara da shi kimanin 20 sukan ɗauki ciki a shekara. Kwaroron roba hukuncinsa hukuncin azalu ne, kuma cikin hanyoyin nan shi ne yake kare mutum daga ƙanjamau da sauran cututtukan saduwa.

Ƙwayar sha kullum ake shan ta, in ana mantawa ba ta aiki, kuma akwai nau'in da bai dace da mai hawan jini ko mai sabon jego ba. Allura galibi duk wata uku ake yi, takan rikita al'ada, kuma bayan an daina ciki yakan jinkirta wasu watanni. Ashanar da ake sa wa a damtse tana aiki shekara 3 zuwa 5, kuma ana cire ta duk ranar da aka so. Robar mahaifa ta jan ƙarfe tana kai wa shekara 10. Wasu malamai sun yi ɗari-ɗari da ita bisa zaton tana zubar da abin da ya riga ya haɗu, likitoci kuma sun ce babban aikinta shi ne hana haɗuwar tun farko. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya zaɓi wata.

Ɗaure mahaifa ko yanke jijiyar maniyyi shi ne wanda malamai suka haramta, sai in amintaccen likita ya tabbatar cewa wani ciki zai halaka matar. Zubar da ciki kuwa ba ya cikin tazarar haihuwa sam. Bayan kwana 120, da aka busa rai, malamai sun haɗu a kan haramcinsa sai don ceton ran uwa, kuma sanannen zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne haramci tun daga lokacin da ciki ya zauna.

Nasiha biyu a nan. Kada a sayi ƙwaya a kantin magani bisa shawarar ƙawa, a je asibiti a auna jini, miji ya raka matarsa. Kuma in magani ya rikita jini, a tambayi malami ko malama hukuncin salla da azumi, domin a mazhabarmu abin da ya wuce kwana 15 ba haila ba ne, jinin ciwo ne.

GA WAƊANDA BA SU YI AURE BA

Duk abin da muka faɗa a sama na ma'aurata ne. Kada wani saurayi ko budurwa ya ɗauki wannan rubutu ya mai da shi lasisi. Ƙwaya tana iya hana ciki, amma ba ta goge zunubi daga littafin mala'iku. Suratun Nur aya ta 33 ta umarci wanda bai sami halin aure ba ya kame kansa har Allah ya wadata shi, kuma Annabi (S.A.W.) ya nuna wa matasa azumi. Mun san abin da ake ɓoyewa a lungunanmu, mun san yarinyar da kan sha haɗe-haɗen sassaƙe don gudun abin kunya, a wayi gari ana salla a kan gawarta ana cewa ciwon ciki ne. Wadda ƙaddara ta faɗa wa, ƙofar tuba a buɗe take, kada ta ƙara kisan kai a kan laifin farko, kuma kada iyaye su kore ta zuwa hannun masu zubarwa. Saurayin da ya ɓata ta shi ma ya sani laifinsu ɗaya a wurin Allah, ko da unguwa ta yi masa shiru.

Ku kuma samari masu shirin aure, ku shirya tun yanzu. Ku koyi sana'a, ku yi karatu na addini da na zamani, ku bar ƙannenku mata su gama makaranta, domin tun 2017 an ɗauke kuɗin makarantar sakandaren gwamnati a ƙasar nan, uzuri ya ragu. In an yi aure ku zauna da matanku ku yi shawara, kada miji ya tilasta, kada mata ta sha magani a ɓoye. Shari'a ba ta yanka wa kowa adadi ba. Mai lafiya da hali da zai iya tarbiyyar goma, Allah ya sa albarka. Wanda matarsa take galabaita, ya ji tsoron Allah ya bar ta ta huta, kada a yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Waɗanda kuma Allah bai ba haihuwa ba, kada a goranta musu, domin Suratush Shura aya ta 49 da 50 ta nuna cewa bayarwa da hanawa duk a hannunsa suke.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su shirya zama na musamman, a gayyato malamin fiƙihu da ma'aikaciyar lafiya Musulma su zauna tare, maza daban mata daban, kowa ya yi tambayarsa. Shi kuwa ɗan'uwanmu mai suna, bayan mun karanta masa abin da malamai suka faɗa, ya ɗauki matarsa sun koma wurin likita.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, kuma Allah ne mafi sani. Ya Allah ka ba mu zuriya ɗayyiba, ka ba iyayenmu mata lafiya, ka sauki masu ciki lafiya, ka ba marasa haihuwa masu albarka, ka tsare matasanmu daga alfasha, ka yalwata arzikin zangonninmu da halal. Amin.